Kebul a bayan bango: littafin aikin gano abin da ke rikita injinanmu a Sharaɗa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi domin na gaji da riƙe lissafi a ka. Shagonmu na aikin ƙarfe yana Sharaɗa, a Kano, cikin wani tsohon sito da aka raba gida biyu. Muna fiƙe shaf da fuli da sauran kayan gyaran injinan casar shinkafa da na matsar gyaɗa. Abubuwa uku ne ke riƙe da shagon: injin fiƙe ƙarfe mai kwamfuta, wato CNC, na hannu, ƙirar shekarun 1990, tanderun lantarki da muke gasa ƙarfe ya yi tauri, sai kwamfuresa mai ba da iska.

Tun ƙarshen Nuwamba lamura suka fara cakuɗewa. Allon injin, mai ƙugu irin na tsohuwar talabijin, rubutunsa na rawa kamar ana leƙensa ta cikin ruwa. Tanderu an saita shi a digiri 850, amma lambar sai ta riƙa tsalle, 842, 857, 838. Mafi ciwo, injin kan tsaya tsakiyar aiki ya ce ya ɓata lissafin inda wuƙa take, wani lokaci kuma umarnin da muke tura masa daga kwamfutar ofis ya isa a gurgunce. Shaf huɗu muka zubar a wata ɗaya, na biyar na kan teburina.

Ruwa ba ya tsami banza. A Nuwamban nan ne maƙwabtanmu masu yin leda suka kafa sabuwar taransifoma mai kVA 500 a bakin ƙofa, suka haƙa rami a gindin bangonmu na baya, suka binne kebul zuwa nasu ɓangaren. Injinmu jingine yake da wannan bango. Yaran shago sun riga sun yanke hukunci. Ni ma zuciyata can ta karkata, amma ba zan tunkari maƙwabci da zato ba. Sai na auna.

Juma'a, 17 ga Janairu

Gwaji na farko bai ci ko kwabo ba. Masu leda kan kashe injinansu wajen ƙarfe ɗaya saboda sallar Juma'a, su tayar bayan biyu da rabi. Na bar allonmu a kunne, muka tafi masallaci. Da na dawo kafin su tayar, rubutu tsaf, ba motsi. Lambar tanderu ma ta zauna. Biyu da minti arba'in na ji ƙugin injinansu ta bango, nan take rubutun ya koma rawarsa.

Babban yarona ya ce, "Oga, ai magana ta ƙare." Na ce masa ta ƙare a kan allo da tanderu. Tsayawar da injin ke yi kuwa ba mu gan ta yau ba, ko kafin sallah ko bayanta, don haka ba ta da shaida tukuna.

Laraba, 22 ga Janairu

Mutane da dama na ɗauka cewa da zarar an binne kebul, ƙasa ta shanye komai. Rabin gaskiya ne. Waya mai wuta na fitar da abu biyu. Na farko ƙarfin lantarki ne da ke bin yawan bolt, shi kam ƙasa da sulken kebul suna tare shi. Na biyu ƙarfin maganaɗisu ne da ke bin yawan amfiya, shi kuwa ƙasa da bulo da siminti ba su dame shi ba, ratsa su yake kamar babu su. Tun 1820 Oersted, mutumin Denmak, ya ga allurar kamfas ta juya a kusa da waya mai wuta. A 1831 Faraday a Ingila ya nuna ɗaya fuskar: maganaɗisu mai sauyawa na haifar da wuta a duk wani zoben waya da ya ratsa. Wutarmu kuwa juyawa take sau 50 a daƙiƙa.

Da wannan na haɗa ma'auni. Na fara gwada manhajar waya, ta ba ni lambobi marasa kan gado, domin kamfas ɗin waya an yi shi ne don maganaɗisun duniya mai zama wuri ɗaya, wanda ke tsakanin maikrotesla 25 zuwa 65 (maikrotesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), ba don mai juyawa da sauri ba. Sai na yanko bututun roba mai faɗin milimita 110, na kai wa mai naɗa kwayil ɗin fanka, ya yi mini zagaye 335 na siririyar wayar tagulla. Na zaɓi wannan adadi da gangan: a wuta mai juyi 50, kowane maikrotesla ɗaya zai ba da milibolt ɗaya a kan mitar awon wuta. Babu sauran lissafi, abin da mita ta nuna shi ne.

Na gwada shi da waya guda mai ɗauke da amfiya 10, na nesanta wayar dawowa. Ƙa'ida ta ce a ninka amfiya da 0.2, a raba da nisa a mita. A rabin mita ya kamata in ga 4. Na ga 4.2. Ya wadatar. Abu ɗaya zan riƙa tunawa: kwayil irin wannan na ƙara gishiri idan wutar ba tsabtatacciya ba ce, domin wuta mai juyi 150 tana ba shi ninki uku na abin da take da shi.

Talata, 28 ga Janairu

Na auna da hantsi, lokacin da masu leda ke cikakken aiki. A kowane wuri nakan jujjuya kwayil sai na sami lamba mafi girma. Mita 1 daga layin ramin: maikrotesla 25. Mita 2: 8. Mita 4: 3. Mita 8, kusa da ƙofar ofis: 1.2.

Da farko amsar tambayar da ƙaramin yarona ya yi mini cikin damuwa, ko abin na cutar da jiki. Hukumar ICNIRP ta ƙasa da ƙasa, mai tsara iyakar kariya daga irin wannan maganaɗisu, a ƙa'idarta ta 2010, ta sa iyaka a maikrotesla 200 ga jama'a, 1000 ga ma'aikata a wurin aiki. Muna ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Su kansu injinan masana'anta, ƙa'idar IEC 61000-6-2 na gwada su a kusan maikrotesla 38. Allo mai ƙugu ne ba shi da juriya, maikrotesla ɗaya kacal kan sa shi rawa, saboda da maganaɗisu ake tuƙa hasken da ke zana rubutun a cikinsa. Namu yana zaune cikin fiye da goma.

Amma lambobin nan sun hana ni barci ta wata fuska. Idan fes uku, wato wayoyi ukun da ke kawo wuta, na tafiya tare kuma duk wutar da ta je ta dawo ta cikinsu da nutural, wato wayar dawowa, maganaɗisunsu na kashe juna, abin da ya rage kan faɗi da sauri: nisa ya ninka biyu, ƙarfi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Daga 25 ya kamata in ga kusan 6, sannan 1.6, sannan 0.4. A mita 8 na sami ninki uku na haka. Daga mita 4 zuwa 8 kusan rabi kawai yake raguwa, kuma wannan halin waya guda ce tilo, wadda ba ta da abokiyar dawowa a gefenta. Wata wuta na tafiya ta ramin nan, tana dawowa ta wata hanya daban.

Talata, 4 ga Fabrairu

Tanderu ya warke, kuma laifin rabi namu ne. Wayar auna zafinsa irin wadda ake kira K ce, tana ba da kusan maikrobolt 41 ne kawai a kowane digiri ɗaya. Shekarun baya da muka matsar da akwatin sarrafa shi, mun ƙara tsawon wayar da wayoyin tagulla biyu na gida, ɗaya ta bi saman kanta, ɗaya ta bi ƙasa, tsawon mita 6, tsakaninsu kusan taƙi guda. Ba mu sani ba ashe zobe muka shimfiɗa a jikin bangon, mai faɗin fiye da murabba'in mita ɗaya. A maikrotesla 15, zobe irin wannan na kwasar sama da milibolt 5, daidai da abin da zafin digiri ɗari da ɗoriya zai bayar. Akwatin na tace mafi yawansa, ragowar ce muke gani tana tsalle. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na cire su, na sa ainihin wayar ƙari ta K, mai tufka da raga a jikinta, na bi da ita ta tsakiyar shago. Amfanin tufkar shi ne kowane murɗi na kwasar wuta ta fuskar da ke kashe ta murɗin da ke biye da shi. Yanzu 849, 850, 851. Wani abin da na gano a hanya: tagullar gida a wannan wuri na kawo nata kuskuren ko babu maƙwabci, domin bambancin zafi tsakanin mahaɗin da akwatin yana shiga lissafi. Wato mun daɗe muna gasa ƙarfe a zafin da ba shi muke zato ba. Wannan ya dame ni fiye da rawar allo.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na je wurin mai masana'antar bayan la'asar, da takardar awo a hannu. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, ba ƙara na kawo ba. Wani abu na gani da nake jin ya shafe ku fiye da mu." Na nuna masa lambobin, na ce wutar da ta bar hanyarta tana bin wani ƙarfe ne a cikin ginin nan, kuma ƙarfen da ke ɗauke da wuta ba da saninsa ba wata rana zai yi zafi a mahaɗi, ko ya ja wani. Kamfanin leda kuwa ba wurin wasa da tartsatsi ba ne.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Injiniya, me kake so a yi?" Na roƙi abu biyu: a bar ni in auna a bakin taransifoma da cikin babban akwatin wutarsu, kuma a haɗa ni da mai kula musu da wuta. Ya aika aka kira shi. Dattijo ne, ba shi ya binne kebul ɗin ba, ɗan kwangila ne ya yi ya tafi, amma yana nan aka yi. Ya ce wayoyi huɗu ne masu cibiya ɗaya-ɗaya, fes uku da nutural, an jera su a kwance kamar sahu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kusan santimita 15, zurfin bai kai mita ba. Da na lissafa da amfiya 400, jeri irin wannan shi kaɗai na ba da kusan 21 a nisan mita ɗaya. Ya dace da abin da na gani a kusa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ranar da ta fi kowace amfani. Na aro mita mai igiya da ake zagaya wa wayoyi da yawa a lokaci guda, daga wani abokina malamin makarantar koyon sana'a. Ni da Baba, dattijon nan mai kula musu da wuta, muka sa safar hannu, shi ke buɗewa, ni ke karantawa.

Kowane fes: amfiya 410, 385, 430. Taransifoma mai kVA 500 a bolt 415 na iya ɗaukar kusan 695, don haka ba a yi mata lodi fiye da kima ba. Sai muka zagaye wayoyin huɗu gaba ɗaya. Abin da ya je dole ya dawo, saboda haka ya kamata mita ta nuna kusan sifili. Ta nuna 40.

Muka shiga farautar arba'in ɗin nan. Bututun ruwa na ƙarfe da ya taso daga rijiyar burtsatse ta kusa da taransifoma: amfiya 17. Ginshiƙin ƙarfen rufi da muke tarayya da su: 12. Wayar atin ta shagonmu, wato wayar kariya da ke haɗa jikin injina da ƙasa: 6. Har ragar siririyar wayar da ke haɗa kwamfutar ofis da injinmu, 0.4. Ragowar na bin wasu hanyoyin da ba mu kai gare su ba.

A cikin akwatinsu muka ga tushen. An haɗa nutural da atin a taransifoma, yadda ya kamata. Sannan an sake haɗa su a cikin akwatin da wani guntun tagulla, akwatin kuma a ɗaure yake da ƙarfen gini. Wutar nutural, wadda ke da yawa saboda fes ɗin ba daidai suke ba kuma injinansu na fitar da wuta mai juyi 150 da ke taruwa a nutural maimakon ta kashe juna, sai ta sami hanya biyu, ta rabu. Baba ya ɗora hannu a ka ya ce, "Ɗana, wata uku ina wuce wannan guntun."

Ya so ya kwance shi nan take. Na ce, "Baba, a dakata." Ɗan kwangilar bai ja wayar atin daga taransifoma ba sam, guntun nan shi kaɗai ne hanyar da wuta za ta bi ta yanke fis idan fes ya taɓa jikin inji. A cire shi haka kawai, an kashe hayaniya an buɗe ƙofar mutuwa. Na san masu gyara da ke yanke atin don allo ya daina rawa, kuma ina ganin wannan ganganci ne da ran mutane.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Jiya Lahadi aka kashe taransifoma. An ja wayar atin mai kauri daga taransifoma zuwa akwatinsu, cikin bututun roba a kan layin ramin, kafin a buɗe shi a binne ta. Sannan aka cire guntun. An kuma canza makunnin sauyawa zuwa janareta da mai yanke nutural shi ma. Yau wayoyi huɗu tare: amfiya 2. Awon kwayil a mita 1, 2, 4 da 8: 21, 5.5, 1.4, 0.4. Lambobin sun koma kan ƙa'ida. Bututun ruwa babu komai.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya rage mana awannin aiki, shi ya sa na daɗe ban rubuta ba. Umarni daga ofis ya daina lalacewa, kuma don kada a koma gidan jiya na sa ƙaramin akwati mai raba layin da haske a tsakiyar wayar, ta yadda babu tagullar da ta haɗa kwamfuta da inji kai tsaye. Irin wannan layi na RS-232 da atin yake auna saƙonsa, ko yaya atin ɗin gefe biyu ya bambanta sai ya ji a jikinsa.

Amma injin ya sake tsayawa sau uku cikin mako biyu, ɗaya ma ranar Juma'a da ƙarfe biyu saura, lokacin da masu leda ke kashe. Na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun Janairu. Na'urar da ke ƙirga juyin injin da bolt 5 take magana. Milibolt ɗin da maganaɗisun kebul zai iya cusa mata bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba. Ba zai taɓa zama shi ba.

Na sa yaro ya riƙa rubuta duk abin da ke kunne a shago a daidai lokacin da injin ya tsaya. Duka ukun, kwamfuresa ce ta tashi. A watan Nuwamba, kusan mako guda da binne kebul ɗin maƙwabta, ni da kaina na sa mata inbata mai sarrafa gudun moto don rage cin wuta. Irin wannan inbata na datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, kowace datsa kuma kaifi gare ta, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Wannan ita ce hayaniyar da ke tsallaka daga waya zuwa waya. Na haɗa ta da moto da waya mara raga, na kuma kwantar da ita cikin kwata ɗaya da wayar na'urar ƙirga, tsawon mita huɗu, kafaɗa da kafaɗa. Da osiloskof na aro, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, na ga tsinin hayaniyar na haura bolt 2 duk sanda ta tashi.

Wata uku ina kallon bango, abin yana bayana. Shaf ɗin nan biyar aikina ne, kuma na je na gaya wa Alhaji haka, tunda a ranar farko na lissafa su cikin ɓarnar da na nuna masa.

Gyara: waya mai raga daga inbata zuwa moto, ragar a matse da maɗauri zagaye guda a duka ƙarshen biyu, ba a murɗe ta kamar wutsiya ba, matacin hayaniya a mashigar inbata, wayar ƙirga ta koma nata bututun ƙarfe, taƙi biyu nesa, inda dole su haɗu kuma su gitta juna a miƙe.

Laraba, 9 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Kwana 28 injin bai tsaya ba.

Saura allo. Yara sun kawo shawarar a lulluɓe bango da kwanon rufi. Na bar su suka gwada da falle biyu, kwayil ya nuna 21 kafin, 20 bayan. A juyi 50, sai maganaɗisu ya ratsa kusan milimita 12 na alminiyam, ko 9 na tagulla, kafin ƙarfinsa ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai ƙarfe na musamman mai yawan nikel da ake yi don wannan aiki, amma kuɗinsa ya fi na allon. Mun ja injin mita ɗaya da rabi daga bango, rawar ta ragu sosai, ba ta tafi ba, kuma hanyar wucewa ta matse.

Maganin na cikin ramin. A tattara fes ukun su manne da juna kamar duwatsun murhu, biyu a ƙasa ɗaya a sama, nutural da atin a gefensu, a ɗaure kowane taku. Tazara ta sauka daga santimita 15 zuwa kusan 3, lissafi ya ce 21 za ta koma kusan 3. Baba ya tuna mini cewa wayoyin da suka manne sun fi riƙe zafi, don haka abin da za su iya ɗauka zai ɗan ragu. Gaskiyarsa, mun duba, akwai sarari. Ya kuma hana a zura kowace waya ita kaɗai cikin bututun ƙarfe, saboda ƙarfen zai yi zafi. Mita 18 ne kawai ke gindin bangonmu. Alhaji ya yarda, ni zan biya leburori da yashi, shi fale-falen kariya da ribin gargaɗi.

Talata, 3 ga Yuni

An yi ruwa sau biyu, na sake auna sandunan atin ɗinmu. A Fabrairu, cikin fari, sanda ɗaya ta ba da om 38 (om ma'aunin yadda ake tare wuta ne, ƙaramar lamba ta fi kyau a nan). Da muka ƙara uku muka haɗa su, 11. Yau 6. Ban zuba gishiri ba duk da matsin da aka yi mini, yana cin sandar cikin 'yan shekaru. Zan sake aunawa a Maris mai zuwa, lambar rani ita ce ta gaskiya.

Masu leda za su rufe kwana huɗu na Babbar Sallah. Washegarin Sallah za a kashe taransifoma, a sa kwaɗo, makulli a aljihun Baba, a gwada wayoyin a tabbatar babu wuta, sannan a fara tono da shebur, ba diga. Na nemi Alhaji ya gayyato jami'an NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba haɗin lantarki, su ga aikin kafin a rufe ramin. Yashi tifa ɗaya ya iso ɗazu, an lulluɓe shi da tamfol. Na yi alama da fenti a ƙasa a mita 1, 2, 4 da 8, don awon bayan Sallah ya faɗi daidai inda na Janairu ya faɗi.